Injin Niƙan Shitu

Anka,
Satumba, 2021.

Zuwa ga Yaya Lubabatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗanki Bashir da dukan mutanen Tungar Sharu. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida ta yi alwala da kanta. Matata Hajara da yara suna gaishe ki.

Kin ga ikon Allah, yau ga ni da biro da takarda kamar mutanen da. Tun da aka yanke layukan waya saboda 'yan bindiga, wayata ta zama fitila kawai. Zan ba Bature direba wannan takarda, tunda yana bin hanyar Bukkuyum, ya san wanda zai kawo miki.

Makarantarmu a rufe take, don haka na koma kan karatuna na digiri na biyu a Sakkwato. Kin san darasin labarin ƙasa nake koyarwa. Binciken da aka ba ni kuwa a kan al'ada ne da yadda take yaɗuwa. Mu a wurinmu al'ada ba biki da suna kaɗai ba ne. Duk abin da mutum ya koya daga mutum al'ada ne: abin da yake ci, yadda yake gaisuwa, yadda yake huɗa a gona, har sana'ar da yake yi. Kuma al'ada tana tafiya. Wani lokaci mutane ke ƙaura da ita, kamar yadda kakarki da kakata suka bar gidan ubansu ɗaya, kowace ta tafi da irin daddawarsu garin da ta yi aure. Wani lokaci maƙwabci ke gani wurin maƙwabci. Wani lokaci daga birni take gangarowa ƙauye. Wurin da abu ya faro kuma masana suna kiransa murhu, don daga nan ake ɗiban wuta.

Na zaɓi in bi sawun abu ɗaya: yadda niƙa dutsen zinari ya shigo garuruwanmu har ya shiga cikin gidaje, kafin gubar dalma ta kashe yara a 2010. Na san na taɓa miki gyambo. Amma kina wurin, kin gani da idonki, ni kuwa a takarda na karanta. In za ki iya, ki rubuto mini yadda abin ya fara a garinku. Na yi miki alkawari ba zan sa sunan kowa ba.

In kuma abin ya yi miki nauyi, ki bar shi, ba komai.

Ƙaninki,
Zayyad.

*

Tungar Sharu,
Oktoba, 2021.

Zayyad ƙanena,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode Allah da jin lafiyar Inna Habsu. Ka duƙa ka gaishe ta. Ni ma lafiya, sai ciwon baya da kaka ke kawowa. Bashir shina gona, gero ya yi kyau bana, sai dai ba a kai wa gonakin nesa don tsoro.

Na yi dariya da Hausarka. Yaron da nig goya a Gummi shina kuka shina ce mini "mi munka samu", yau ya koma magana kamar mai karanta labarai. To wagga ma ka rubuta ta cikin al'adun da sunka yi tafiya.

Na daɗe da takardarka ƙarƙashin matashi kafin in ɗauki biro. Amma kai ne, ba wani ba.

Baƙi ne sunka fara zuwa, shekara guda kafin ciwon. Wasu daga Katsina, wasu daga Nijar, wasu ma ba mu jin yarensu. Sunka kama shago a bakin kasuwa, suna shiga daji suna dawowa da buhunan dutse. Lokacin mijina Shitu, Allah ya jiƙan shi, shi kaɗai ke da injin niƙa a garin, nan bakin kasuwa, gero da masara yake niƙa wa mata. Wata rana ɗaya daga cikinsu yaz zo yac ce ko injin zai iya dutse. Shitu yac ce a gwada. Anka gwada, ya niƙu. Daga nan baƙi sunka riƙa kawo mishi, abin da yake samu ga buhu guda ya fi na wuni guda a kan gero. Wa zai ƙi? Shina dawowa gida fari fat kamar wanda ya faɗa cikin gari. Ɗiyata Rahina, tana shekara uku, ta sheƙo ta rungume ƙafafunshi, ya ɗauke ta ya aza ga wuya tun bai cire riga ba.

Da 'yan gari sunka ga baƙi na samu, su ma sunka shiga daji. Inji ɗaya bai isa ba, sai anka fara fasa dutse a gida da guduma, mata suna daka a turmi. Kar ka tambaye ni wace ta fara, wallahi ban sani ba. Cikin mako guda sai kawai ka ji kowane gida ana daka, kuma ba sautin gero ba ne. Mu matan kulle mun samu sana'a ba tare da mun fita ba, mun yi murna. Ana shanya garin dutse a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Mai zuwa wankan jego daga wani ƙauye ta gani, ta koma gidan mijinta da shi. A wurin suna ana nuna 'yan kunnen da anka saya, a koya wa juna yadda ake wankewa. Haka ya tafi.

Da bazara yara sunka fara amai da jijjiga. Munka ce sanƙarau ne, wasu sunka ce iska. Rahina ta yi kwana biyu idonta a kafe, ta tafi a kan cinyata. Malam Haladu, maƙwabcinmu, ya binne biyu cikin mako ɗaya. Sai da likitocin waje sunka zo sunka ce dalma ce cikin dutsen, anka kankare ƙasar gidajenmu anka zuba sabuwa.

Shitu bai ƙara tada injin ba. Ya rufe shi da buhu ya koma noma har ciwon ajali ya same shi. Babu wanda ya taɓa ce mishi uffan. Malam Haladu na cikin waɗanda sunka ɗauki makararshi. Kuma ga albishir: ɗiyar Malam Haladu, Zinatu, ita Bashir ke nema. Suna son juna ƙwarai, an kai gaisuwa, an ce bayan an gama sussuka a sa rana.

To ga shi nan. Ka rubuta yadda duniya za ta ji, kar wata uwa ta ƙara ganin abin da nig gani. Sauran kuma kai ɗan gida ne, ba sai an faɗa maka ba.

Yayarka,
Lubabatu.

*

Anka,
Nuwamba, 2021.

Yaya Lubabatu,

Salamu alaikum. Muna lafiya, da fatan bayan naki ya yi sauƙi. Allah ya jiƙan Rahina da babanta. Barka da maganar Bashir, Allah ya nuna mana ranar.

Yaya, takardarki ta buɗe mini abin da na yi wata da watanni ina nema. Na zana taswira, na bi ƙauyukan kewaye da 'yan wankan jego ke fitowa kamar yadda kika ce, na ga abin ya tafi daidai da hanyoyin aure da kasuwa. A yankinku murhun ya fito fili: injin niƙan bakin kasuwa. Malamina ya ce bai taɓa ganin misali mai tsabta irin wannan ba.

Wani gidan rediyo ya gayyace ni in yi bayani a shirinsu na wayar da kai, farkon watan gobe. Ina so in ba da labarin garinku. Ba zan faɗi sunan mutum ko na gari ba, zan ce dai wani mai injin niƙa a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum. In ba ki so, ki aiko mini kafin ƙarshen wata. In na ji shiru, na ɗauka kin yarda, tunda ke da kanki kika ce duniya ta ji.

Ina sauri, Bature ya tada mota.

Zayyad.

*

Tungar Sharu,
Janairu, 2022.

Zayyad,

Salamu alaikum. Ina fata Inna Habsu na lafiya. Ni ina raye.

Takardarka ta Nuwamba jiya ta shigo hannuna. Bature ya daina bin hanyarmu tun da anka tare motoci, takardar tana aljihun motarshi duk wanga lokaci. Na karanta inda kac ce in ka ji shiru na yarda. Yaushe shirun wanda bai ji ba ya zama yarda?

Muryarka kuwa ta riga takardarka isowa. Ran da anka sa shirin, maza na zaune a gindin ceɗiyar masallaci bayan la'asar, rediyo a tsakiya, tunda babu waya kowa rediyo yake saurare. Bashir na nan, yayyen Zinatu biyu na kusa da shi. Da anka faɗi sunanka har ya yi murna, yac ce musu, "Kawuna ne wanga." Sai kac ce a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, mai injin niƙa na bakin kasuwa shi ne murhun da wutar ta tashi, daga injinshi ta kama ƙauyukan kewaye. Kac ce shina komawa gida fari fat, ɗiyarshi ta rungume ƙafafunshi.

Zayyad, masu injin niƙa nawa ne a bakin kasuwa da ɗiyarsu ta mutu? Ka ce ba ka faɗi suna ba. Da ka faɗi sunan ma da ya fi sauƙi, da an ce ƙiyayya ce. Amma ka ɗauki Rahina da ƙafafun ubanta, abin da ban taɓa faɗa wa ko Bashir ba, ka kai kasuwa.

Bashir ya ce babu wanda ya dube shi. Ɗaya bayan ɗaya sunka tashi sunka kakkaɓe riga, har ya rage shi kaɗai da rediyo.

Bayan kwana kaɗan uwar Zinatu ta aiko da kayan gaisuwa a cikin kwalla, goro da turamen, ko ɗaya bai ɓace ba. Wadda ta kawo ta aje a bakin ƙofa tac ce, "An ce a ce miki ba faɗa ba ne." Ta juya.

Da layin waya ya dawo a Bukkuyum, wani ya naɗo shirin, yanzu shina cikin wayoyin samari har ƙauyukan da ban taɓa takawa ba. Yara na bin Bashir suna ce mishi ɗan murhu. Ba su ma san ma'anar ba.

Ran Juma'ar da ta wuce wata mata taz zo daga wani ƙauye, ban san ta ba. Tana riƙe da hannun ɗanta, ya kai shekara sha huɗu, dalma ta taɓa mishi kai tun shina jariri, ba ya magana, miyau na zuba. Ta yi sallama, na shimfiɗa mata tabarma, ba ta zauna ba. Ta zaunar da yaron a gabana tac ce, "Nan ne gidan mai inji?" Nic ce nan ne. Tac ce, "Na kawo shi ki gan shi. Shekara da shekaru ina cewa Allah ne ya yi, ashe akwai wanda ya jawo." Na ba yaron fura, ya sha, ya yi mini dariya. Ita ko ruwa ba ta karɓa ba. Da sunka tafi na shiga ɗaki na rufe.

Shitu bai haƙo dutse ba, bai kai shi gidan kowa ba, bai san da dalma ba. An kawo mishi niƙa ya niƙa. Na faɗa maka ban san wadda ta fara daka a gida ba, wanga ba ka faɗa a rediyo ba, don bai yi tsabta ba ko?

Na yi zaton da ƙanena nake magana.

Lubabatu.

*

Anka,
Fabrairu, 2022.

Yaya,

Salamu alaikum. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Inna lafiya, ban gaya mata ba tukuna. Ni kuwa tun da na karanta takardarki abinci bai yi mini daɗi ba. Na kira lambarki ba adadi, ba ta shiga.

Wallahi tallahi ban yi nufin cutar da ke ba. Ga takardarki a gabana, ga abin da kika rubuta: "Ka rubuta yadda duniya za ta ji, kar wata uwa ta ƙara ganin abin da nig gani." Da wannan na tafi. Na kawo maganar Rahina ne don iyaye maza su ji tsoron shiga gida da kayan aiki, har yanzu akwai masu yi. Bayan shirin mutane sun yi ta kira suna cewa wannan wurin ne ya fi ratsa su. Kuma kalmar murhu a ilminmu ba zargi ba ce. Ana cewa wuri kaza ne murhun noman shinkafa, ba laifi ake nufi ba. Ban ce Shitu ya yi laifi ba, ki sake saurare za ki ji.

Na san duk wannan ba zai mayar da kayan gaisuwa gidan Malam Haladu ba. Ya kamata in jira amsarki, ban jira ba. An riga an sa wa shirin rana, ni kuma ina ɗoki.

Na roƙi masu shirin sun ba ni 'yan mintoci a makon jiya. Na ce mai injin nan ba shi da alhakin kowa, baƙi ne suka kawo, kuma babu wanda ya san akwai guba. Ina fata an ji a garinku.

Ki gaya mini abin da zan yi. In kin ce in zo in durƙusa gaban Malam Haladu, zan zo ko hanya ba kyau.

Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Zayyad.

*

Gummi,
Maris, 2022.

Zayyad,

Wa alaikumus salam. Ka ga daga inda nake rubutu. Na dawo gidanmu, ina wurin yayana Musa. Jikina lafiya.

Ka karanto mini maganata kamar alƙali. To ka karanta layin da ke binta. Nic ce sauran kai ɗan gida ne, ba sai an faɗa maka ba. Abin da nake so duniya ta ji shi ne ciwon: amai, jijjiga, garin dutse a tsakar gida. Sauran na gida ne. Ko yaron goye a danginmu ya san abin da ake fitarwa zaure da abin da ake bari a ɗaka. Kai da ka karanci al'ada har Sakkwato, wagga ce ba ka gane ba?

Ka ce murhu ba zargi ba ne a ilminku. Ba ga 'yan ilminku ka yi magana ba. Ka yi ta ne ga mutanen da sunka binne 'ya'ya, da Hausa, kuma a Hausa wanda ya hura wuta shi ake tambaya in gari ya ƙone.

Gyaran da ka yi an ji shi. Waɗanda sunka fara mantawa sunka tuna. Wani ma cewa ya yi, "In ba shi da laifi mi ya sa ake wanke shi a rediyo?" Gyaran kuma babu wanda ya naɗe shi a waya.

Ba wanda ya kore ni, kar ka ce an kore ni. Sai dai an yi suna gida uku ba a aiko mini ba, ni da nake dafa wa rabin garin shinkafar biki. In na shiga gidan makoki sai magana ta mutu. Shekara ashirin da wani abu ina garin, na bar kabarin miji da na ɗiya, na hau mota da buhu biyu.

Ba don wanga na rubuto ba. Bashir ya tafi. Ya bar wa maƙwabci saƙo cewa ya nufi ramukan zinari na wajen Anka. Yaron da ya rantse a kan kabarin ƙanwarshi ba zai taɓa dutse ba. Kai ke Anka. Ka nemo mini shi. Shi kaɗai nake roƙonka.

Lubabatu.

*

Anka,
Mayu, 2022.

Yaya Lubabatu,

Salamu alaikum, barka da shan ruwa, barka da Sallah. Ki gaida Yaya Musa da iyalinsa. Na gaya wa Inna komai. Ta yi kuka, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata.

Na jinkirta ne don ba na son in rubuto hannu wofi. Wurare biyu na je.

Na fara zuwa Tungar Sharu. Na sami Malam Haladu a ƙofar gidansa yana gyaran igiya. Na faɗi ko ni wane ne, na durƙusa. Ya bar ni a durƙushe har ya gama ƙullin da yake yi, sannan ya ce in zauna. Na fara yi masa bayani cewa Shitu bai san da guba ba. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kana zaton labari ka kawo muna? Wa bai san injin Shitu ne na farko ba? Ni na kai mishi buhu na biyu da anka niƙa a garin nan. Matata ta daka, matar liman ta daka. Ran da munka gama binne yara, babu wanda ya tara mu, amma kowa ya san in anka fara kiran suna ba mai fita. Sai munka bar ta ga Allah, munka ci gaba da gaisawa. Da haka munka zauna shekarun nan. Kai kuma ka zo ka kira ɗaya."

Na tambaye shi maganar auren. Ya ce shi bai hana ba, har gobe Bashir ɗansa ne. Amma uwar Zinatu ta ce duk ran da ta ga jikanta za ta riƙa jin muryar rediyo, kuma danginta na ƙauyukan kewaye sun ce ba za su zo ba. Ya ce Zinatu ta rame. Ya ce in gaishe ki, ɗakinki yana nan ya sa an gyara rufin kafin damina.

Bashir kuwa sai da na yi ta tambaya kafin in same shi, a wani daji yamma da nan, inda ba a zuwa sai da ɗan rakiya. Rami yake shiga da igiya. Na jira har ya fito. Ya rame amma lafiyarsa ƙalau, ba ya shan komai, na tambayi abokan aikinsa. Da ya gan ni ya tsaya, ya ce, "Sannu Malam." Bai ce Kawu ba. Na ce mahaifiyarka ta aiko ni, ka zo mu tafi. Na ce zan nema masa aiki a gari, ko gadin makarantarmu ne kafin wani abu ya samu. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ka gaida innata, ka ce mata ina sallah, kuma ba na kai kayan aiki inda nake kwana. Amma nan zan zauna. Nan ba wanda ya san ɗan wa nake." Na kama hannunsa, ya zare a hankali, ya koma bakin ramin.

Zan koma, ba zan daina ba.

Saura abu ɗaya. An sa mini ranar kare bincikena. Babin garinku shi ne ƙashin bayansa. In kin ce in cire, zan cire, ko da zan sake shekara. Wannan karon ba zan motsa ba sai na ga rubutunki.

Ƙaninki,
Zayyad.

*

Gummi,
Agusta, 2022.

Zayyad,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Inna Habsu, ka ce mata ta daina fushi da kai saboda ni, tsufanta bai son haka. Mu nan lafiya. Gulbi ya cika, shinkafar fadama ta yi kyau. Ina taya matar Musa turara shinkafa muna kai wa 'yan kasuwa, hannuna bai zauna banza ba.

Na gode da ka je. Bashir ya kira ni sau ɗaya da wayar wani, ya ce ka koma har sau biyu. Ya ce in ce maka ka bari, hanyar ba ta da kyau, kar a ɗauke ka a ce shi ne sanadi. Ni ma na ce ka bari. Kullum in waya ta yi ƙara sai in zaci mugun labari ne, don na san yadda ramukan nan ke rufta wa mutane da damina. Addu'a ce ta rage mini.

An ɗaura wa Zinatu aure bayan babbar Sallah da wani ɗan ƙanen uwarta. An ce ita ta ce ta yarda, ta gaji da zama tsakanin uwa da uba. Ta aiko mini da cincin a ɓoye. Yarinyar kirki, Allah ya ba ta zaman lafiya.

Maganar babinka, kar ka cire. Ka je ka kare, a ba ka takardarka. Ba na so a ce Lubabatu ta hana ɗan Habsu ci gaba. Cirewar ma ba ta maido mini komai.

Ka ce in yafe maka. Na yafe, tsakanina da Allah, don ina son shi ma ya yafe mini. Zumunci kuma ba ni na ƙulla shi ba balle in yanke. In an yi haihuwa gidanka ka aiko, za ni aiko da abin da ya sawwaƙa. In na mutu ka zo ka yi mini sallah. Amma kar ka ƙara tambayata wani abu da ya wuce lafiya, ni ma ba zan faɗa maka abin da ya wuce lafiya ba.

Musa ya ce kana son zuwa Gummi ka gan ni. Ka zo. Na gaya mishi in ka iso a shimfiɗa maka tabarma a zaure, a kai maka ruwa da abinci, za ni fito mu gaisa daga bakin ƙofa. Matar Musa ta ce ai Zayyad ɗan gida ne, shi da ya yi rarrafe a tsakar gidan nan, ya za a tsai da shi zaure kamar baƙo. Nic ce mata haka nake so.

Wassalam.

Lubabatu.